Kocin da Ya Juya wa Fili Baya

Ranar da aka binne Kawu, jama'ar da ta zo gidansa na unguwar Moss Side a birnin Manchester na Ingila ta fi ƙarfin falon, har sai da aka bar ƙofar gaba a buɗe, wasu suka tsaya a bakin titi cikin yayyafi. Yawancinsu ƙarti ne masu wuya kamar turmi, kunnuwansu a murɗe saboda shekarun da suka yi suna cusa kai a turereniyar ƙwallon zari-ruga. Akwai 'ya'yan Hausawa, akwai 'yan Jamaika, akwai Turawan unguwa, kuma dukansu sun cire takalma sun jera a bakin ƙofa ba tare da wani ya gaya musu ba. Na ga wani da na san ya taɓa karya wa mutum haƙarƙari a fili yana zaune a ƙasa, ya rungume gwiwoyinsa, yana kuka kamar yaron da aka yaye jiya.

Kowa Kawu yake ce masa, har Turawan da harshensu ba ya iya kama sunan daidai. Ni kuwa kawuna ne na jini, yayan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana horar da ƙaramar ƙungiyar zari-ruga ta unguwarmu, wadda ba ta taɓa shiga jarida ba, ba ta kuma da wurin zaman 'yan kallo sai igiyar da ake ɗaurewa a gefen fili. Ya rasu da hantsin Alhamis, yana zaune a kujerarsa, ba ciwo ba jinya. Saura kwana tara wasansa na ƙarshe a matsayin koci.

Da aka natsu da gaisuwa, sai hira ta juya kan kwanakinsa na ƙarshe. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta ce ranar Litinin Kawu ya dawo mata da tsanin da ya ara tun 'ya'yanta suna firamare, ya kuma tsaya ya yi mata godiya kamar mai shirin tafiya. Wani tsohon ɗan wasansa da ke aiki a asibiti ya ce Kawu ya kira shi ranar Talata, ya tambaye shi kafaɗarsa da ta goce shekara goma baya, ya yi masa addu'a ya kashe waya. Mai share ɗakin sauya kaya ya ce ranar Laraba Kawu ya damƙa masa makullai, alhali bai taɓa barin makullan nan sun kwana a aljihun wani ba. Haka aka yi ta zagayawa, kowa da nasa. Mahaifiyata ma ta ce ya zo mata ya ci tuwo, ya zauna har ta gaji da shi.

Da layi ya zo kaina sai wani ya miƙa hannu ya ɗauki dabino, aka tsallake ni. Ba ni da abin faɗa. Bai zo wurina ba, bai kira ni ba, kuma babu wanda ke falon nan da bai san dalili ba. Ni ne na rubuta takardar da ta sa aka ce Kawu ya sauka.

A maƙabarta liman ya ce duk wanda ke da haƙƙi a kan mamaci ya yafe masa. Na ce na yafe tare da kowa, bakina ne kawai ya motsa. Abin da ke cina dabam ne: shi ya yafe mini kafin ya tafi, ko ya tafi da ni a zuciyarsa? Wannan tambayar ce ta hana ni cin abinci, ita ce kuma ta sa nake wannan rubutu, don kada a tuna da shi ta bakin takardata kaɗai.

Kawu mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya rabo da hular sanyi ko da rana ta fito. A makarantar kwana ya fara sanin wasan tun yana gida, ya zo ƙasar nan ya tarar da yaran unguwa suna yawo ba aikin fari, sai ya tara su ya ba su ƙwallo mai siffar ƙwai. Iyaye suka ce zai karya musu 'ya'ya. Ya bi su gida-gida, ya sha shayi ya fi kofi ɗari, har suka gaji suka sallama. Yakan ce wasan nan na masu zumunci ne, domin kana gudu gaba amma ba ka da ikon miƙa ƙwallo sai ga wanda ke bayanka. Idan yaro ya faɗi yana riƙe da ƙafa, sai ya tsuguna ya taɓa wurin, in ya ga ba karaya ya ce masa, tashi, kuka sai a mota. A motar kuwa shi ne zai zauna kusa da yaron har gida.

Ba ya yarda a ci nasara a yi wa abokan hamayya ihu. Duk wanda ya yi, mako mai zuwa shi zai wanke rigunan kowa, da laka da gumi. Lokacin azumi yakan mayar da atisaye zuwa gab da magariba, ya zo da kunu a babban filas, Musulmi da wanda ba Musulmi ba kowa ya sha. Akwai Baturen da har yau idan ya gan ni sai ya tambaye ni ina zai samu kunun gyaɗa.

Ni ma na yi wasa a ƙarƙashinsa har gwiwata ta lalace ina da shekara ashirin da biyu. Da aka yi mini aiki, kullum sai ya zo asibiti ya zauna yana ɓare mini lemo, ba ya cewa komai, in lemon ya ƙare ya tashi ya tafi. Da na warke ban koma wasa ba, sai na koma bakin igiya, daidai layin tsakiya, na zama ɗan kallo. To ni Allah ya yi ni da murya, kuma bai yi ni da haƙuri ba. Daga busa usur na farko har na ƙarshe bakina ba ya rufuwa. Wa ya saki ƙwallo, wa ya tsaya kamar an dasa shi, wa ya bar gefen hagu a buɗe, duk sai na faɗa, da suna, da Hausa da Turanci. Matata ta daina zuwa kallo saboda kunya. Shi kansa Kawu bai tsira daga bakina ba.

Kimanin shekara shida da suka wuce Kawu ya ɗauki wata ɗabi'a. Da zarar an fara wasa sai ya juya wa filin baya, ya zura hannuwa a aljihu, ya sunkuyar da kai gefe guda. Haka zai tsaya har a tashi. Lokaci-lokaci ya ɗaga murya ya ce a cire wane a sa wane, ko a matsa dama, bai ko waiga ba. Abin mamaki, sau da yawa maganarsa na faɗawa daidai. Yara suka fara raɗe-raɗin cewa yana da ido a ƙeya. Wata rana ana cikin turereniya, mutum goma sha shida sun dunƙule suna tura juna, sai ya daka wa alƙalin wasa tsawa ya tsayar, wai akwai wanda wuyansa ya lanƙwashe a ƙasa. Da aka warware aka tarar haka ne. Alƙalin ya daɗe yana kallon bayan Kawu kafin ya sake busa usur.

Wani abin kuma, kullum kusa da ni yake tsayawa, taku uku ko huɗu. Wata Asabar da hazo ya rufe filin na canza wuri da gangan, na koma can kusurwa na yi shiru. Ina kallonsa yana tafiya a hankali a gefen igiya, yatsunsa na shafa ta, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kamar mai neman abin da ya faɗi. Can wani ɗan wasanmu ya yi wauta na kasa daurewa na kwarma masa ihu. Nan take Kawu ya juyo, ya miƙe sak ya zo ya tsaya taku uku daga inda nake, ya ba fili baya. Na ɗauka tsokanata yake yi, na ƙara ƙulewa.

A kakar bana haƙurina ya ƙare. Mun fara shan kashi, ni kuwa na ɗora laifin duka a kan mutumin da ba ya ko kallon wasan da yake horarwa. Na yi rantsuwa ba zan sake taka filin ba sai an sauya koci, na kuma cika. Daga ranar da na daina zuwa ƙungiya ba ta sake cin wasa ko ɗaya ba. Ina jin labari ana cewa Kawu ya rikice, yana kiran a cire wanda tuni aka cire, yana cewa a matsa dama alhali ƙwallo na hagu. Maimakon in ji tausayi sai na ji daɗi, na ce ga shi gaskiyata ta fito. Na zauna na rubuta takarda shafi biyu, na bi iyaye da tsofaffin 'yan wasa suka sa hannu.

A zauren coci da muke aro don taron kwamiti na karanta ta, yana zaune a gabana. Na ce mun gode da hidima, amma ƙungiya ba gadon gidan kowa ba ce, kuma kocin da ya juya wa fili baya ya riga ya sallami kansa. Ya saurara har ƙarshe, kansa a karkace. Da na gama sai ya yi murmushi.

“Ka iya karatu,” in ji shi. “Kowace kalma ta fita. An daɗe ban ji ka ba.”

Ya ce zai ƙarasa kakar, wasan ƙarshe da za a yi a Birmingham shi ne nasa na ƙarshe. Ya miƙe, matarsa da muke kira Hajiya ta shigo daga inda take jira a bakin ƙofa ta kama hannun rigarsa, suka fita. Ko kallona ba ta yi ba. Wannan ce magana ta ƙarshe tsakanina da shi.

Kwana uku da rasuwa wani dattijo ya zo gaisuwa daga Birmingham. Mutumin Filato ne, Kirista, shi ke horar da ƙungiyar da za mu kara da ita, kuma shi da Kawu sun shafe shekaru suna hamayya a fili suna cin abinci a kwano ɗaya bayan an tashi. Ya gaisa da maza, ya yi wa Hajiya ta'aziyya daga bakin ƙofar ɗakin da take takaba, sannan ya zauna kusa da ni. Ya ce abin da ya fi ba shi tausayi shi ne sun ga juna a ranar, da ya sani da ya riƙe shi sun sha shayi.

Mahaifiyata ta tambaye shi wace rana. Ya ce Alhamis, wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ya je duba filinsu saboda ruwan da aka yi, sai ya hango Kawu tsaye a bakin layin tsakiya da hular sanyinsa, ya juya wa filin baya, babu kowa a wurin. Ya ɗauka ya zo ganin yanayin ƙasa kafin wasa, don yakan yi haka. Ya ɗaga masa hannu daga nesa, Kawu bai ɗaga ba, sai dai ya yi magana, kuma duk da nisan ya ji shi sarai.

“Cewa ya yi, mai ihun nan zai zo kuwa? Na ce masa wane mai ihu? Na juya in rufe ƙofar filin, kafin in waigo ya tafi.”

Mahaifiyata ta fara salati a hankali. Wani ya gaya wa dattijon cewa Kawu ya cika tun ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a nan Manchester, kuma ƙarfe huɗu yana kwance an lulluɓe shi. Dattijon ya ce wataƙila Laraba ce, tsufa ya sa ya rikita kwanaki. Amma ni na san ranar Laraba da yamma Kawu yana gidan mahaifiyata yana cin tuwonta.

Ni ba mai yarda da irin waɗannan labarai ba ne. Na san wanda ya tafi ya tafi, kuma na nemi tsari a zuciyata. Amma duk falon sun san wane ne mai ihu.

Da mutane suka ragu na je bakin ƙofar Hajiya na durƙusa. Tana zaune a kan darduma, carbi a hannu, ta rame. Na ce mata na zo ne in tambayi abu ɗaya, ta gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci: Kawu ya yafe mini?

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta tambaye ni ko na san dalilin da ya sa ya daina tuƙi shekara shida da suka wuce, ita ke kai shi ko'ina. Na ce na ɗauka gajiya ce. Ta ce idonsa ne. Tun lokacin likitan unguwa ya tura shi babban asibiti aka ce jijiyar ta mutu, ba magani. Da farko yana ganin inuwar mutum in ya matso, daga baya ko wannan ya tafi. Ya haddace gidan, ya haddace filin da taku, ya san kowane yaro da muryarsa da saukar ƙafarsa. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har ƙanwarsa, domin ya san ranar da aka sani za a karɓe masa yaran cikin ladabi da tausayi. Juya wa fili baya da yake yi kuwa don kada a ga idonsa ba ya bin ƙwallo ne.

“Kai ne idonsa,” ta ce. “Duk haukan da kake yi a bakin igiya, da shi yake ganin wasan. Ka ce wane ya saki ƙwallo, ya san inda take. Ka ce hagu a buɗe, ya rufe. Da ka daina zuwa sai aka kashe masa fitila.”

Na ce don me bai gaya mini ba? Da zan tsaya masa kullum, da zan faɗa masa komai. Ta ce ta sha ba shi wannan shawara. Ya ce a'a, in na sani zan fara jin tausayinsa, in fara zaɓen magana, in ɓoye masa kuskuren yara don kada ransa ya ɓaci. Ya ce faɗana ya fi masa amfani, don babu ƙarya a ciki.

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Na sake tambayarta, da muryar da ni kaina ban gane ba, ko ya yafe.

“Bai taɓa cewa ka yi masa laifi ba, balle ya yafe. Duk Asabar in mun isa fili sai ya ce in duba ko ka zo. In ce ba ka zo ba. Ya ce to, mako mai zuwa. Bai je wurinka sallama ba don ya ce kai a Birmingham za ku haɗu.” Ta ja carbinta. “Ni ce ban yafe ba. Ni na riƙa mayar da shi gida yana tambayata me ya faru a wasan, ni kuwa ban san komai a wasan nan ba.”

Na ce me zan yi? Ta ce ita tana takaba, ba inda za ta. In je Birmingham ranar Asabar, in tsaya inda na saba tsayawa, in kira wayar gidan in bar ta a buɗe. Ta ci gaba da lazimi.

Ranar Asabar na bi motar 'yan wasa. Ba wanda ya zauna kusa da ni, ban kuma ga laifinsu ba, don ban gaya wa kowa abin da na ji ba tukuna. Filin Birmingham na bayan wasu tsofaffin masana'antu, ƙasa ta jiƙe, sama ta yi duhu tun azahar. Aka yi shiru na minti ɗaya don Kawu. Dattijon nan ya gaishe ni daga nesa, amma na lura ya ƙi matsowa kusa da layin tsakiya. 'Yan kallonmu ma, ba tare da an shirya ba, sun bar wani fili a gefena na dama, daidai faɗin mutum ɗaya, har aka tashi ba wanda ya shiga wurin.

Na kira gidan. Aka ɗauka, ba a yi sallama ba. Na ji ƙarar ajiye waya a kan wani abu mai laushi, sannan ƙarar kujerar nan tasa da ke kuka in an taɓa ta.

Aka busa usur. Na kara wayar a baki na fara magana ƙasa-ƙasa kamar mai karanta wasiƙa: sun buga, mun kama, an kayar da namu, an taru a kansa. Ina faɗa ina jin kunyar mutanen da ke kusa, ina jin sanyi a kafaɗata ta dama wanda ba na iska ba ne. Na yi kusan minti goma a haka, ina zaɓen kalmomi, ina tausasa kowane kuskure.

Sai muryar Hajiya ta fito daga wayar, a natse, kamar tana aikena kanti.

“Ɗaga murya, ɗana. Kunnensa na hagu ba ya ji sosai.”

Daidai lokacin ɗan wasanmu na gefe ya saki ƙwallon da ko jariri zai riƙe. Na cika ƙirjina da iska na kira sunansa, na tambaye shi ko man shanu ya shafa a hannu. Duk filin ya waigo. Na ci gaba, ban saurara ba, ina faɗa ina hawaye, wa ya yi lalaci, wa ya yi jarumta, ina aka bari a buɗe, har muryata ta dishe ta koma kamar ta tsohon zakara. An cinye mu a ranar, kuma na faɗi hakan ma da ƙarfi, don bai taɓa son a ɓoye masa ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya yafe mini. Ya haskaka masa kabarinsa, don ya daɗe a cikin duhu muna tsaye kusa da shi ba mu sani ba.